Gadon Ciwon Sikizofireniya: Abin da Binciken Mutanen Japan Ya Koya Mana



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da aka yi a ajinmu a zangon karatun da ya wuce. Malamin ilimin halittu yana koya mana yadda 'ya'ya suke gadon kamannin iyayensu, sai ɗaya daga cikinmu ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, shin hauka ma gadonsa ake yi?" Aji ya kwashe da dariya, amma shi mai tambayar ko murmushi bai yi ba. Bayan mun tashi daga karatun dare muna komawa ɗakin kwana, ya gaya mini cewa baffansa ya yi shekaru yana fama da taɓin hankali, kuma tun yana ƙarami yake jin ana cewa abin a jininsu yake. Ya ce wani lokaci tunanin wannan magana yakan hana shi barci. Ban sami abin da zan ce masa ba a daren nan. Washegari na koma wurin malam. Shi kuwa ya ce idan amsa ta gaskiya nake so, sai in karanta labarin ƙasar Japan, domin mutanenta sun yi zurfin bincike a kan wannan al'amari, kuma sun taɓa yin babban kuskure a kansa. Abin da na samo ke nan zan kawo muku, da fatan za ku bi ni sannu a hankali.

Mene ne Sikizofireniya?

Likitoci ba sa amfani da kalmar hauka, domin ciwace-ciwacen hankali iri-iri ne, kowanne da alamominsa da maganinsa. Wanda za mu tattauna a kansa shi ake kira sikizofireniya. Wani likitan ƙasar Suwizalan mai suna Eugen Bleuler ne ya raɗa masa wannan suna a shekarar 1908.

Mai wannan ciwo yakan ji muryoyi suna yi masa magana alhali babu kowa kusa da shi. Yakan yarda da abin da ba shi da tushe, alal misali ya ce ana bin sa za a kashe shi, ko an sa masa guba a abinci, kuma duk hujjar da aka kawo masa ba zai saki wannan zato ba. Maganarsa takan rasa kan gado. Akwai kuma alamomin da ba su cika jawo hankali ba, watau mutum ya janye daga jama'a, ya daina kula da tsabtar jikinsa, ya rasa sha'awar aiki ko karatu. Galibi ciwon yakan fara ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa wajen shekara 30, kuma yakan riga bayyana ga maza.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin 300 yana ɗauke da ciwon. Idan kuwa aka duba tsawon rayuwar mutum gaba ɗaya, kusan mutum 1 cikin 100 ne yake gamuwa da shi. Babu ƙasar da ba a samunsa. A Japan, ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 120, ƙidayar da gwamnati ta yi a 2017 ta nuna kusan mutum 800,000 suna karɓar magani saboda wannan ciwo da danginsa.

Yadda Gado Yake Aiki

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani dogon zare da ake kira DNA, wanda aka naɗe shi ƙunshi-ƙunshi har ƙunshi 46. Kowane ƙunshi shi ake kira kuromosom. Mutum yana karɓar 23 daga uwa, 23 daga uba. Za mu iya ɗaukar wannan zare kamar wani babban littafi mai haruffa kimanin biliyan 3, wanda aka rubuta da baƙaƙe 4 kacal. A cikin littafin akwai babi-babi kimanin 20,000, kowane babi yana ba da umarnin yadda za a haɗa wani abu a jiki. Waɗannan babi-babi su ne ƙwayoyin gado.

Littafin kowane mutum kusan ɗaya ne da na ɗan'uwansa, sai dai nan da can akan sami harafi ɗaya ya bambanta. Mafi yawan irin wannan bambanci ba ya canja kome. Amma wani lokaci yakan canja ma'ana. Ku dubi kalmar "rago" da kalmar "rogo". Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma wanda aka aika ya sayo na layya ya dawo da rogo ya san ya yi ɓarna.

Akwai ciwon da ƙwayar gado ɗaya tak take jawowa. Misalin da muka fi sani shi ne amosanin jini, watau sikila. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4 na a haifi ɗa mai SS. Lissafin a fili yake, shi ya sa ake gwaji kafin aure. To, sikizofireniya ba haka yake ba. Ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa ne suke haɗuwa, kowace da ɗan abin da take ƙarawa. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin darasinmu.

Shaidar Dangi da Tagwaye

Tun kafin a iya karanta zaren gado, masana sun lura da iyalai. Wani masani Ba'amurke mai suna Irving Gottesman ya tattara binciken da aka yi a ƙasashen Turai shekaru da yawa, ya fitar da lissafi a 1991. Ga mutumin da ba shi da mai ciwon a danginsa, haɗarin kamar kashi 1 cikin 100 ne. Wanda wansa ko ƙanensa yake da shi, kashi 9. Wanda ɗaya daga cikin iyayensa yake da shi, kashi 13. Ga ɗan wa ko ɗan ƙanen mai ciwon kuwa, irin abokin nan nawa, kimanin kashi 4 ne.

Amma wani zai ce, ai 'yan gida ɗaya tukunya ɗaya suke ci, wahala ɗaya suke sha, ta yaya za a san gado ne ko zama tare? A nan ne tagwaye suka yi rana. Tagwaye iri biyu ne. Akwai na ƙwai ɗaya, waɗanda littafin gadonsu kusan ɗaya ne sak. Akwai na ƙwai biyu, waɗanda rabin gado kawai suka haɗa, kamar wa da ƙane. Idan ciwo na gado ne, za a ga na ƙwai ɗaya sun fi kamuwa tare.

A shekarar 1961 wani likitan Japan mai suna Eiji Inouye ya ba da rahoton binciken da ya yi a kan haihuwar tagwayen ƙwai ɗaya guda 55, inda aƙalla ɗaya yake da ciwon. Ya tarar a kimanin kashi 60 cikin 100 ɗayan ma yana da shi, alhali a tagwayen ƙwai biyu abin bai kai kashi 20 ba. Wannan ya yi daidai da abin da Turawa suka gani a nasu mutanen. Binciken da aka yi daga baya a Denmak, wanda aka buga a 2018 bisa rajistar tagwayen ƙasar baki ɗaya, ya sami kashi 33 ga na ƙwai ɗaya da kashi 7 ga na ƙwai biyu.

Abu biyu za mu ɗauka daga nan. Na farko, lalle gado yana da hannu babba. Masana sukan ce kimanin kashi 80 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane wajen saurin kamuwa daga gado yake. A kula, wannan ba yana nufin ɗan mai ciwon yana da haɗarin kashi 80 ba ne; mun riga mun ga nasa kashi 13 ne. Na biyu, gado shi kaɗai bai isa ba. Da ya isa, da duk Hassan ɗin da ya kamu sai Husaininsa na ƙwai ɗaya ma ya kamu, ga shi kuwa da yawa suna tsira.

Me Ya Sa Aka Binciki Japanawa Daban?

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Mafi yawan manyan bincike a kan gado an yi su ne a kan Turawa, kuma ba dole ne abin da aka gani a jininsu ya zama haka yake a jinin wasu ba. Harafin da ya yawaita a wata al'umma yana iya yin ƙaranci a wata. Ga misali. Kimanin kashi 40 cikin 100 na mutanen Japan suna da wani canji a ƙwayar gadon da ake kira ALDH2, wanda ke sa fuskarsu ta yi ja, zuciya ta riƙa bugawa, da zarar sun kurɓi giya. Wannan canji da wuya a same shi ga Bature ko mutumin Afirka. Saboda haka tilas ne masanan Japan su duba nasu mutanen da kansu.

Ƙananan Canje-canje Masu Yawa

Da farko masana sukan zaɓi ƙwayar gado ɗaya da suke zargi, su bincike ta. Tun da aka gano a Faransa a 1952 cewa maganin kulofuromazin yana kwantar da alamomin ciwon, kuma daga baya aka fahimci yana aiki ne ta hanyar toshe mazaunin wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna dofamin, sai zargi ya faɗa kan wannan mazauni. A 1994 Tadao Arinami na Jami'ar Tsukuba da abokan aikinsa suka ba da rahoton wani canji a ƙwayar gadon DRD2, wadda ke gina mazaunin dofamin, suka ce ya fi yawa ga masu ciwon a Japan. Wasu da suka maimaita binciken sun sami haka, wasu ba su samu ba. Irin wannan saɓani ya yi ta faruwa, domin mutanen da ake gwadawa ba su da yawa.

Daga baya aka sami na'urorin da ke iya duba dubban ɗaruruwan haruffa a lokaci ɗaya, daga farkon littafin har ƙarshensa. Sai a kwatanta masu ciwo da masu lafiya, a ga harafin da ya fi yawa a wane ɓangare. A 2011 Masashi Ikeda da Nakao Iwata na Jami'ar Lafiya ta Fujita, kusa da birnin Nagoya, tare da abokan aikinsu, suka buga irin wannan bincike a kan Japanawa 575 masu ciwon da 564 masu lafiya. Babu harafi ko ɗaya da ya kai matsayin da za a tabbatar da shi. Amma da suka tara ƙananan alamomin wuri ɗaya, sai suka ga suna nuni ga hanya ɗaya da ta Turawa. Sannu ba ta hana zuwa. A 2019 suka dawo da masu ciwo 1,940 da masu lafiya 7,408, suka gano wani sabon wuri a kuromosom na 2, wajen ƙwayar gadon SPHKAP.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A wannan shekara ta 2019 masanan Japan suka haɗa kai da na Sin da Koriya da Singafo da wasu maƙwabta, aka tara masu ciwo 22,778 da masu lafiya 35,362 daga Gabashin Asiya. Aka gano wurare 19 masu alaƙa da ciwon. Babban abin da ya fito shi ne, tasirin waɗannan haruffa kusan ɗaya ne tsakanin mutanen Asiya da Turawa. A ma'aunin da cikarsa 1 ne, dacewar ta kai 0.98. Watau tushen ciwon ɗaya ne ga 'yan Adam. Duk da haka an ga bambanci. Wani harafi a kuromosom na 6, a yankin da ke kula da garkuwar jiki, wanda ke cikin alamomi mafi ƙarfi ga Turawa, ya yi ƙaranci ƙwarai a Gabashin Asiya. Haka nan kuma lissafin haɗari da aka gina da jinin Turawa yakan rage ƙarfi idan aka gwada shi a kan mutumin Asiya. A 2022 babban bincike na duniya, wanda ya haɗa masu ciwo 76,755, ya kai adadin wuraren zuwa 287.

To, nawa ne nauyin kowane harafi? Kaɗan ne ƙwarai. Galibi harafi ɗaya yana ɗaga haɗari ne daga kamar mutum 10 cikin 1,000 zuwa 11 ko 12 cikin 1,000. Kuma kowannenmu yana ɗauke da wasu daga cikinsu, har da ni mai rubutu da kai mai karatu. Mu kwatanta da jakin da ake ɗora wa gero mudu-mudu. Mudu ɗaya ba ya durƙusar da jaki, kuma babu jakin da ke tafiya ba kaya. Amma wani kayansa sun fi na wani nauyi, kuma idan mai nauyin kaya ya gamu da hanya mai yashi da hawa, shi ne zai fi saurin durƙushewa.

Manyan Canje-canje Marasa Yawa

Ban da harafi-harafi, akwai wata ɓarna da ta fi girma, watau a sami an yage shafi sukutum daga littafin, ko an maimaita shafi sau biyu. Irin wannan ba ta da yawa, amma inda ta faru tana da ƙarfi. Wadda aka fi sani ita ce ɓacewar wani yanki a kuromosom na 22, wanda masana ke kira 22q11.2. Ana samunta a kimanin haihuwa 1 cikin 4,000, kuma wajen mutum 1 cikin 4 masu ɗauke da ita yakan kamu da sikizofireniya. Abin mamaki shi ne, mafi yawan masu wannan ɓarna ba su gaje ta daga uwa ko uba ba. Sabuwa take faruwa lokacin da ake haɗa ƙwan haihuwa.

A Jami'ar Nagoya, Itaru Kushima da Norio Ozaki da abokan aikinsu sun duba Japanawa 1,699 masu ciwon da 824 masu lafiya, suka buga sakamakon a 2017. Sun tarar kimanin kashi 9 cikin 100 na masu ciwon suna ɗauke da irin wannan yagewa ko maimaici mai illa, watau kusan ninki 3 na abin da aka gani ga masu lafiya. Amma ba wuri ɗaya abin yake faruwa ga kowa ba. Wannan a nan, wancan a can. Shi ya sa masana da yawa suke ganin sikizofireniya kamar zazzaɓi yake, sunansa ɗaya amma hanyoyin zuwansa da yawa.

Wani bincike da aka yi a Tokiyo ya ƙarfafa wannan ra'ayi. A 2010 Makoto Arai da Masanari Itokawa suka ba da rahoton wasu masu ciwon da ke da naƙasa a ƙwayar gadon GLO1, wadda aikinta shi ne share wani datti mai guba da ke fitowa idan jiki ya sarrafa sukari. A jinin wani rukuni na marasa lafiya sun ga dattin ya taru, sinadarin bitamin B6 kuma ya ragu. Wannan ya buɗe ƙofar gwada sabon magani ga wannan rukuni kaɗai, a hannun likitoci.

Har a wajen shan magani gado yana da ta cewa. Akwai wani magani mai suna kulozafin da ake ba waɗanda sauran magunguna suka kasa yi wa aiki, wanda Japan ta amince da shi a 2009. Yana da amfani ƙwarai, amma ga kimanin mutum 1 cikin 100 yakan karya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, don haka tilas a riƙa auna jinin mai shansa a kai a kai. A 2016 masanan Japan suka gano cewa Japanawa masu wani nau'in gado da ake kira HLA-B*59:01 haɗarinsu na wannan illa ya kai wajen ninki 10. Ga Turawa kuwa wasu nau'o'i ne daban aka kama da wannan laifi. Kun ga amfanin kowace al'umma ta binciki kanta.

Yashi da Hawan da ke Kan Hanya

Mu koma ga jakinmu. Mene ne yashin da ke durƙusar da shi? Masana sun gano abubuwa da dama: wahalar haihuwa da ta hana jariri iska, wasu cututtuka da uwa ta yi tana da ciki, tsananin wahala da cin zarafi a ƙuruciya, da yunwa. 'Ya'yan da aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar da aka yi a Holan a 1944 zuwa 1945 haɗarinsu ya ninka biyu, kuma an ga haka a yunwar ƙasar Sin ta 1959 zuwa 1961.

Sai kuma shaye-shaye, wanda ya fi shafarmu mu matasa. A nan ma Japan tana da labari. A 1941 aka fara sayar da wata ƙwaya mai hana barci a ƙasar da sunan Philopon, aka riƙa ba sojoji da ma'aikatan masana'antu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙi ƙwayar ta bazu cikin gari, har ɗalibai suna sha don su kwana suna karatu. Sai asibitoci suka fara ganin masu shanta suna jin muryoyi suna zargin ana bin su, kamar dai masu sikizofireniya. Gwamnati ta kafa dokar hana ta a 1951, kuma a 1954 kaɗai an kama mutum fiye da 55,000. Binciken da aka buga a 2013 ya nuna cewa haruffan gadon da ke kusantar da mutum ga sikizofireniya suna da hannu wajen sa wasu masu shan wannan ƙwaya su zauce. Haka nan tabar wiwi, musamman mai ƙarfi kuma ga wanda ya fara ta da ƙuruciya, tana ƙara haɗarin ciwon. Tun da babu wanda ya san nauyin kayan da yake ɗauke da su, mai hankali ba zai kai jakinsa cikin yashi da gangan ba.

Kuskuren da Japan Ta Yi

Yanzu na zo ga abin da malam ya kira babban kuskure. A 1900 Japan ta yi dokar da ta ba iyali izinin kulle mai taɓin hankali a gida, sau da yawa a cikin wani keji na katako. Wani likita mai suna Shuzo Kure ya tura ɗalibansa ƙauyuka suka ga halin da waɗannan bayin Allah suke ciki, ya buga rahoto a 1918 yana kira a gina musu asibitoci. Ba a hana wannan kulle ba sai a 1950.

Amma abin da ya fi wannan muni shi ne dokar da aka kafa a 1948, wadda manufarta ita ce wai a hana haihuwar zuriya marar kyau. Dokar ta lissafa sikizofireniya cikin cututtukan gado, ta ba likitoci ikon yi wa mai ciwon aikin hana haihuwa ko da bai yarda ba. Daga 1948 zuwa 1996 da aka soke wannan sashe, an yi wa kimanin mutum 25,000 aiki a ƙarƙashin dokar, kuma wajen 16,500 daga cikinsu ba da yardarsu ba. Har da yara ƙanana a ciki. Wasu an ruɗe su ne aka ce wani aikin za a yi musu, ba su san gaskiya ba sai bayan sun yi aure sun ga shiru. A 2019 majalisa ta amince a ba kowannensu yen miliyan 3.2. Ranar 3 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙolin Japan ta yanke hukunci cewa dokar ta saɓa wa tsarin mulkin ƙasa, Firayim Minista na lokacin, Fumio Kishida, ya nemi gafararsu, sa'an nan aka yi sabuwar doka ta biyan yen miliyan 15 ga kowane mutum. Amma wane kuɗi ne zai maye gurbin ɗa?

Ban da zalunci, dokar ma a kan kuskuren lissafi aka gina ta. Mafi yawan masu sikizofireniya iyayensu lafiyayyu ne, kuma cikin 'ya'ya 100 na mai ciwon wajen 87 ba za su kamu ba. Haruffan kuwa a warwatse suke cikin jama'a duka. Ashe rabin ilimi ya fi jahilci haɗari, domin mai shi yana aikata ɓarna da ƙarfin zuciya.

Gyaran da Aka Yi

Japanawa sun ɗauki darasi. Tsohon sunan ciwon a harshensu, seishin bunretsu byo, ma'anarsa ciwon tsagewar hankali, kuma saboda munin sunan likitoci da yawa ba sa iya gaya wa marar lafiya abin da ke damunsa. Ƙungiyar iyalan marasa lafiya ta roƙi a canja shi, kuma a 2002 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ta mai da shi togo shitcho sho, watau rashin daidaituwar haɗin tunani, sunan da ke nuna abu ne mai gyaruwa. Daga 2002 zuwa 2004, marasa lafiyar da ake gaya wa sunan ciwonsu suka ƙaru daga kimanin kashi 37 zuwa kashi 70 cikin 100.

A garin Urakawa da ke tsibirin Hokkaido kuma, an kafa wani gida mai suna Bethel a 1984, inda masu ciwon suke zaune cikin gari, suna sana'ar ƙulla ganyen teku suna sayarwa, suna kuma taruwa su yi nazarin ciwonsu da kansu. Har ila yau wani kamfanin Japan mai suna Otsuka ne ya ƙirƙiro maganin arififirazol, wanda ake amfani da shi a ƙasashe da yawa. Sai dai da sauran aiki, domin Japan tana cikin ƙasashen da suka fi yawan gadajen asibitin ƙwaƙwalwa, kuma wasu marasa lafiya sukan yi shekaru a kwance ba a sallame su ba.

Kammalawa

Daga ƙarshe, ga amsar da na kai wa abokina. Na ce masa lalle gado yana da hannu, ba zan ɓoye masa ba. Amma cikin mutum 100 masu irin dangantakarsa da mai ciwon, wajen 96 ba sa kamuwa. Babu gwajin jinin da zai nuna wane zai kamu wane ba zai kamu ba, don haka babu mai ikon yanke wa wani gida hukunci. Na ga ya yi ajiyar zuciya, ya ce in sake faɗa masa lissafin. Na sake faɗa masa.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, ina ba mu shawara uku. Ta farko, mu nisanci wiwi da ƙwayoyi, ko da an ce suna taimakon karatun jarrabawa. Ta biyu, idan muka ga wani ya fara janyewa daga mutane, yana magana shi kaɗai ko yana zargin kowa, mu sanar da malamin gida ko ma'aikacin asibitin makaranta da wuri. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma wanda aka fara yi wa magani da wuri ya fi samun sauƙi. Ta uku, mu daina dariya da jifa da ɗaure marasa lafiya, mu kuma daina goranta wa danginsu.

Ga masu sha'awar kimiyya a cikinmu kuwa, ga fili nan a buɗe. Mutanen Afirka sun fi kowa bambance-bambancen gado a duniya, amma suna cikin waɗanda aka fi ƙarancin bincika. Yadda Japanawa suka tashi suka karanta nasu littafin, mu ma namu yana jiran masu karanta shi.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ƙara wa malamanmu haƙuri da mu, ya ba mu sa'ar jarrabawa.

Daga wani ɗalibi, Aji Biyar.